Ɗinkin da Aka Gani a Rigar Afnan

Asabar, bayan magariba

'Yata Afnan ta zo ta uku a tseren Bahrain, sannan aka ce ba ta zo ba.

Da idona na gani a waya. Ta fito daga motar nan tata mai kujera ɗaya da tayoyi a waje, ta cire hular kwano, ta hau dandamali aka miƙa mata kofi. Na rangaɗa guɗa ni kaɗai a ɗakin ɗinkina. Zinariya maƙwabciyata ta faɗo ba sallama, ta rungume ni tana ta cewa 'yar Hausa ta kai, 'yar unguwarmu Al-Ranuna ta Madina ta kai. Ko masha Allah ɗaya ban ji a bakinta ba. Na lura, kuma ni na faɗa a madadinta.

Ba a jima ba Zakiru ya kira. Shi ne ɗan Maraɗin da ya yi wa marigayi Abdulsalam aiki a gareji, da mijin nawa ya rasu na roƙi ƙungiyar tseren suka ɗauke shi, suka zama kafilinsa, wato masu tsaya masa kan izinin zama. Shi ke riƙe jakar kayan Afnan duk inda za su. Ya ce, “Hajiya, an cire ta. An karɓe kofin.” Na ce a kan me? Ya ce masu duba kaya ne, shi ma bai gane ba tukuna. Muryarsa ba ta yi min ba.

Saura tsere biyu gasar bana ta ƙare. Direbobi biyu ƙungiyar ke da su, Afnan da Suhaila 'yar Jidda, kuma tun farkon shekara Osman manajansu ya faɗa a gabana cewa ɗaya kawai za su wuce da ita babbar gasa baɗi, ɗayar ta koma gida. Kujerar nan ta babbar gasa ita ce abin da ubanta ya mutu yana nema mata, tun tana ƙarama yake ɗaukar ta zuwa Jidda ta koyi tuƙin ƙananan motoci. Yau ne karo na farko da ta wuce Suhaila a maki, yau ɗin kuma aka cire ta. Ruwa ba ya tsami banza.

Lahadi, da hantsi

Ta dawo. Babu jakar kaya, sai 'yar jakarta ta hannu. Na tambaye ta da Hausa, ta ba ni amsa da Larabci yadda ta saba, wai matsalar riga ce. Ta shige ɗaki ta rufe.

Riga kuma? Na zaci za a ce inji, ko taya, ko ta taka layin da ba a takawa. Riga ai ba ta gudu. Rigar tseren nan ni na wanke ta da hannuna ranar Talata, na shanya ta a inuwa kamar yadda aka ce, ko rana ban bari ta gani ba. Lafiya ƙalau ta bar gidan nan. Duk abin da ya same ta, a hannun wasu ya same ta.

Na yi mata asida da miyar kuɓewa. Tana nan a rufe.

Litinin, bayan asuba

Ba ta ci ba. Ni ma ban ci ba.

Litinin, da la'asar

Uwar Suhaila ta turo min saƙon murya, wai jaje. Ya haram, ya haram, wato wayyo, Allah ya musanya wa Afnan da alheri. Na yi ta maimaita shi ina saurare. Akwai inda ta ɗan tsaya kafin ta ambaci sunan Afnan, kamar mai haɗiye dariya. Matar da ko gaisuwar Sallah ba ta taɓa turo min ba, yau ta san lambata.

Kuma wa ya gaya mata maganar riga ce? Ni uwar yarinya ban san komai ba, ita ta ce “al'amarin rigar nan.” Ashe a Jidda an riga an tauna zancen an haɗiye, mu na Madina ne ake bari a duhu.

Osman ma ban cire shi daga zargi ba. Ɗan Hausawan Gadarif ta Sudan ne, in ya ga dama ya yi min Hausa mu zama 'yan gida ɗaya, in bai ga dama ba ya koma Larabci ya zama manaja. An ce a gidan su Suhaila yake cin abincin rana duk Juma'a. Wanda ya ci shinkafar mutum ai ba ya ƙi jin maganarsa.

Talata, bayan azahar

Osman ya kira. Zai zo Madina ranar Alhamis, maganar ba ta waya ba ce. Ya tambaye ni wa ke taɓa rigar in an kawo ta gida. Na ce ni kaɗai, wanki nake yi mata.

Ya ce, “Wanki kawai, Ummu Afnan?”

Na ce wanki kawai.

Me ya sa ya maimaita? Tambaya ɗaya ai ta isa mai hankali. Na ɓata wuyan abaya guda yau, sai da na warware shi gaba ɗaya. Rabon da in ɓata wuya tun ina koyo.

Alhamis, bayan la'asar

Ya zo, ya tafi. Shayin da na zuba masa yana nan ya huce.

Sai da ya fara da karatu, kamar ni ce ɗalibarsa. Wai rigar tsere hawa uku ce, an yi ta ne saboda wuta, har zaren da aka ɗinka ta da shi wuta ba ta cin sa. In wani ya soka allura ya ratsa hawa ukun da zarenmu na kasuwa, ya buɗe wa wuta ƙofa. In mota ta kama, zaren narkewa yake yi ya manne a fatar mutum. Shi ya sa dokar gasar ta ce duk rigar da aka yi wa haka ta mutu, mai ita kuma a soke sakamakonsa. Bayan tsere ana duba kayan waɗanda suka zo na farko zuwa na uku, matar da ta duba Afnan ta ji tudu a ƙirjin rigar, ta juya cikinta.

Ya miƙo min wayarsa. Na ce tabarauna suna ɗaki. Ya ce zai jira.

'Yar fata ce baƙa mai kusurwa huɗu, ba ta fi faɗin yatsa biyu ba, ta tsufa har gefenta ya yi sheƙi. An ɗinke ta ta ciki, ɓangaren hagu, daidai zuciya. Ɗinkin kam, ba zan ɓoye ba, mai kyau ne. Ƙanana a jere, ba ɗaya da ya fi ɗan'uwansa, an ɓoye ƙullin yadda ba zai soki fata ba. Duk wanda ya yi shi ya san aikinsa. Na mayar masa da wayar.

Ya ce a filin tsere wasu har sun fara kiran kalmar sihiri, wai wani ne ya yi wa yarinyar asiri. Kowa ya san abin da kalmar nan ke jawowa a ƙasar nan. Sai ya sauke murya ya koma Hausa.

“Ni na san mece ce laya, Ummu Afnan. Kakata ta rataya min irinta ina yaro. Amma su ba su sani ba, kuma ba ni zan koya musu ba.”

Ya ce hanya biyu ce. In ma'aikacin ƙungiya ne ya yi, Afnan ce aka cuta, za ta ci gaba da tsere, kujerar baɗi kuma maki ne zai raba. In daga gida abin ya fito, yarjejeniya ta ce direba ke da alhakin kayansa, masu ɗaukar nauyin ƙungiyar kuma ba za su yarda sunansu ya haɗu da irin wannan zance ba, a nan za a sallame ta. Ma'aikacin da ke taɓa jakar kuwa mutum ɗaya ne. An dakatar da Zakiru tun jiya har a gama bincike.

Na ce Zakiru mutumin kirki ne. Ya ce shi ma haka ya sani. Ya zauna yana juya kofin shayi, ni ma na zauna.

Duk wannan Afnan tana tsaye a bakin ƙofa. Ba Osman take kallo ba. Hannuwana take kallo, har sai da na cusa su cikin mayafi.

Juma'a, bayan asuba

Narkewa, ya ce. Ya manne a fata. Ba wanda ya taɓa gaya min haka. Sun ce kar ta ga rana, kar a sa mata guga, kar a sa mata sabulu mai ƙarfi. Ba wanda ya ce komai a kan allura.

Juma'a, da yamma

Na share ɗakin ɗinki. Akwai wasu zarurruka da suka daɗe, na zubar, har da baƙin. Na kai su kwandon shara na bayan baƙala, kantin unguwa, ba namu na ƙofar gida ba.

Wanda bai ga abin da na gani a tseren Kuwait ba kar ya ce min komai. Watan jiya ne. Motarta ta daki bango, taya ya tsinke ya yi gaba shi kaɗai, hayaƙi ya rufe ta. Ina zaune a kan tabarmar nan, wayar tana hannuna, ban iya tashi ba, ban iya kira ba. Ta fito tana ɗaga hannu, su suka tafa, ni na kwana ina amai. Ita kaɗai gare ni. Ubanta ya tafi ya bar min ita da wannan hauka tasu ta gudu, shi yana kwance lafiya, ni nake kallo.

Uwa tana yin abin da uwa ke yi. Iyakar abin da zan rubuta ke nan.

Lahadi, da hantsi

Zinariya ta kawo yadi a yi wa jikarta riga. Ana cikin awo, ba gaira ba dalili, ta ce wai ina layar nan ta tsohuwata, wadda ta rataya min ranar da zan ƙetaro teku daga Sudan a kawo ni gidan Abdulsalam. Wadda nake ajiyewa a gwangwanin maɓallai. Wai jikar tata ce ke firgita cikin barci, ko zan ara mata a sa ƙarƙashin matashi, ba wanda zai sani.

Na ce ta ɓata tun tuni, kuma ta daina irin wannan zance, nan Madina ce, mutane na ji.

Ta ce ikon Allah, ai kwanan nan ta gan ta, ranar da ta zo neman maɓallin lu'ulu'u.

Na ce to idonta ne ya gani, ta je ta tambaye shi.

Shekara nawa muna tare matar nan ba ta taɓa neman abin nan ba sai yau. Wa ya aiko ta? Ɗan'uwan mijinta direba ne a Jidda, kuma Jidda ba ta da girma in ana maganar gulma. Ko kuwa gaskiya jikar ce ba ta barci. Na ga yarinyar a baƙala da yamma, idonta ya faɗa. Duk da haka ban yarda ba. An ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, to ni ba kaza gare ni ba, haushi ne kawai.

Talata, bayan la'asar

Zakiru ya zo. Tun daga Uhudu, inda yake raɓe a ɗakin 'yan garinsu tunda aka dakatar da shi. Ya ƙi shigowa, ya tsaya a ƙofa kansa a ƙasa kamar yadda yake yi tun zamanin maigidan. Ya rame.

Ya ce sun kira shi sau biyu, sun tambaye shi ko yana da malami, ko wani ya ba shi wani abu ya sa. Sun tambaye shi ko ya iya ɗinki, ya ce yana ɗinke wandonsa in ya yage, suka rubuta. Iƙamarsa, takardar zamansa, tana hannun ƙungiyar, in suka sallame shi babu zama. 'Ya'yansa suna Maraɗi, babbar bana ta shiga makarantar koyon jinya. Ba kuka ya zo yi ba, in ji shi, ya zo ne in sa baki tunda ni na kai shi.

Na ce in sha Allahu gaskiya za ta fito.

Ya ɗago ya dube ni, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, “Hajiya, ni a rufe nake karɓar jakar nan daga hannunki, a rufe nake kai ta. Ban ga komai ba. Duk wanda ya tambaye ni, abin da zan ce ke nan.”

Me yake nufi? Alkawari ne ko gargaɗi? Na juya maganar ta kowace fuska. In ya sani, don me bai faɗa musu ba? In bai sani ba, don me ya ce daga hannunki? Mutumin da Abdulsalam ke barin wa makullin gareji, yau ni nake auna kalmominsa kamar yadi.

Na zuba masa asida a kula na ba shi. Ya yi godiya ya karɓa. Da na juyo sai na ga ƙofar Afnan a buɗe kaɗan.

Laraba, bayan asuba

In an gama gasar zan yi magana. Kwana kaɗan ne ya rage, ba zai kashe kowa ba.

Asabar, bayan magariba

Ta zo ta biyu a Jidda, da rigar aro. Suhaila ta shida. Ta sake wuce ta a maki duk da abin da aka ƙwace mata.

Ban yi guɗa ba. Ban ma kalli motar ba sosai, tunanina yana kan rigar, wadda ban wanke ba, ban taɓa ba, babu komai nawa a jikinta. Tun da aka kashe fitilun tashi nake karanta Ayatul Kursiyyu har harshena ya bushe. Ta gama lafiya, ko ƙwarzane babu. Ban san yadda zan yi da wannan ba.

A kan dandamali ba ta yi murmushi ba. Wani baƙon mutum ne ya karɓi hularta da ta sauko, ta miƙa masa ba ta dube shi ba.

Zinariya ba ta shigo ba yau. Da ta shigo da na ce leƙen asiri ne, da ba ta shigo ba kuma ina ta tambayar kaina dalili.

Litinin, bayan azahar

Muna cin abinci Afnan ta yi magana, da farantin take yi ba da ni ba. Ƙungiya ta yanke. Ba za su kai maganar gaba ba, wai alfarma ce suka yi wa Zakiru. Za su soke aikinsa su buga masa huruj, fitar da ba dawowa. Ranar Alhamis zai sa hannu a Jidda.

Na ce inna lillahi.

Ta ajiye cokali. Ta ce, “Ummi, ba ki da abin cewa?”

Na ce Allah ya fitar da shi.

Ta dube ni, ta ce amin, ta ɗauki farantinta ta wanke da kanta. Ba ta saba wankewa ba. Yarinyar nan tana so ta ce wani abu ko tana so in ce, ban sani ba, kuma ina jin tsoron in sani.

Talata, da la'asar

Na taka zuwa Ƙuba. Na yi nafila, na fito haraba na zauna, na ciro waya na buɗe lambar Osman.

Ga lissafin da na yi, kuma Allah yana gani. In na yi magana, an sallami Afnan, Suhaila ta ɗauki kujera a sama ba da guminta ba, wahalar Abdulsalam ta bi ruwa. In na yi shiru, Zakiru ya koma Maraɗi. Maraɗi ai ba lahira ba ce, garinsu ne, 'ya'yansa suna can. Namiji ne, zai nemi wani abu. Zan iya taimaka masa daga nan ba tare da ya san daga ina ba.

Da na kai ƙarshen lissafin na ji ƙyamar kaina, kamar na taka wani abu da ƙafa ba takalmi. A ƙofar masallacin Ƙuba nake wannan tunani. Na mayar da wayar jaka.

Wata tsohuwa 'yar Chadi mai sayar da carbi ta yi ta kallona. Ban san ta ba. Kowa kallona yake yi kwanan nan, har yaron baƙala sai da ya tambaye ni ko lafiya.

Laraba, da hantsi

Na kira Osman. Ya ɗauka tun kafin ta gama ƙara, kamar yana zaune yana jira. Ya ce yana ji.

Na tambaye shi da wane lokaci za a fara tseren ranar Asabar.

Alhamis, bayan asuba

Gadonta ba kowa. Takalminta na fita babu. Wayarta a kashe. Jirgin ƙasa na farko zuwa Jidda da sassafe yake tashi.

Alhamis, bayan magariba

Osman ne ya fara kira, da azahar. Ya ce Afnan ta shigo ofis ana gab da ba Zakiru takarda. Ta tsaya a gaban su duka ta ce ita ta ɗinka abin da hannunta, tsoro ta ji bayan haɗarin Kuwait, ba wanda ya sani, ba wanda ya sa ta.

Ya ce, “Yarinyar da ko maɓalli ba ta iya sawa ba, Ummu Afnan.”

Amma sun karɓa, don ya rufe musu magana. An cire sunanta daga tseren Asabar. Kujerar baɗi ta Suhaila ce. Zakiru zai koma bakin aikinsa. Na ce wa Osman na gode da ya sanar da ni.

Da la'asar suka iso. Zakiru ne ya ɗauko mata jakar daga tasha, ya ajiye a bakin ƙofa, ya gaishe ni daga waje kamar kullum, ya tambayi gajiyar aiki. Ya juya ya tafi. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Ta ja jakar da kanta zuwa ɗaki.

Juma'a, da hantsi

Na shiga ɗakinta. Ba ta kulle ba. Tana zaune a ƙasa tana goge hular kwano da tsumma, hular da ba inda za ta da ita.

Na ce zan kira Osman yanzu, zan gaya masa yadda abin yake, su mayar da ita. Ban ma kai ga faɗin yadda abin yake ba ta tare ni.

“Halas, shi ke nan, Ummi. Ni ce ko ke ce, duk daga gida ne. Ba abin da zai canza.”

Na ce tun yaushe.

“Tun a Bahrain, da matar ta juya rigar. Tun da aka haife ni ɗinkinki nake sawa, kina zaton ba zan gane shi ba?”

Na zauna a bakin gado. Na fara ba ta labarin Kuwait, hayaƙin, yadda na kasa tashi. Ta bar ni na gama. Ta ce ta sani, ita ma ta ji tsoro ranar, kuma ba ta riƙe ni a kan ɗinkin ba, ko kofin ba ta riƙe ni a kansa ba. Ta ce kujerar ta riga ta tafi tun ranar da aka ga abin, ita ta san haka, abin da ya rage kawai shi ne wa zai faɗa. Kullum in ta tashi sai ta ce yau Ummi za ta faɗa.

“Amma Zakiru ya tsaya a ƙofar nan, ya roƙe ki. Kika ba shi asida.”

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ci gaba da goge hular. Na tashi na fito.

Asabar, da la'asar

Ana tseren ƙarshe. Ina jin kukan injuna daga ɗakinta, ta rage sautin amma ina ji. Na zauna a gaban keke, akwai riguna uku da ake jira, ban taka shi ba. Ban tambayi wa ya ci ba.

Na aika wa Zinariya rigar jikarta, na ce ta gaishe da yarinyar. Ta aiko cewa jikar ta fara barci, ashe haƙori ne.

Lahadi, bayan azahar

Ta fito da safe ta gaishe ni, ta sha shayi, har ta tambaye ni ko akwai abin da za ta sayo. Na ce babu. Na ga baƙar abayarta a hannunta, wadda bakinta ya warware jiya a ƙofar banɗaki. Aikin da ba zai kai shan kofin shayi ba. Na miƙa hannu.

Ta ce ba komai, Ummi, kina da aiki da yawa.

Na leƙa ta taga. Ta tsallaka titi, ta shiga shagon telan nan ɗan Bangaladesh da ke kusa da baƙala, wanda ko layi ba ya iya miƙarwa. Ta tsaya tana nuna masa inda ya warware.